Wa ke da ikon rufe banki ko haɗe shi da wani a Amurka: jiha ko tarayya?

Tambaya: Wani mai karatu da ke zaune a Amurka ya rubuto cewa ƙaramin bankin da yake ajiya a cikinsa ya aiko masa da wasiƙa, ana sanar da shi cewa wata ƙungiyar gama kai ta ajiya da rance, irin wadda ake kira kiredit yuniyon a can, za ta saye bankin. Ya kuma ji cewa majalisar dokokin jiharsu tana muhawara a kan wani ƙuduri da ya haɗa batun rushe bankuna da haɗe su da kuma sa ido a kan waɗannan ƙungiyoyi. Yana son ya san abin da ya haɗa jiha da harkar banki, tunda a Nijeriya Babban Banki ne kaɗai ke da ta cewa, da kuma makomar kuɗinsa.

Amsa: Malam, mamakinka yana kan hanya, domin a Nijeriya ƙofar samun lasisin banki ɗaya ce. Babban Bankin Nijeriya ne ke bayarwa, shi ne kuma ke sokewa, kamar yadda ya soke na bankin Heritage a ranar 3 ga Yunin 2024, ya miƙa shi ga hukumar inshorar ajiya ta NDIC, ba tare da wani gwamna ko majalisar jiha sun sa baki ba. A Amurka kuwa ƙofofin biyu ne. Mai son kafa banki zai iya neman lasisi daga ofishin OCC da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Baitulmali ta tarayya, ko kuma ya nema daga kwamishinan bankuna na jiharsa, kuma wanda ya ba da lasisin shi ne ke da ikon karɓe shi. Amma kuɗin da ake biyan masu ajiya da su idan banki ya durƙushe daga asusun inshora na tarayya suke fitowa, ko da jiha ce ta ba da lasisin. Wannan rabon aiki shi ne ginshiƙin duk abin da ka tambaya.

Asalin abin tarihi ne. Kafin 1863 jihohi ne ke ba kusan duk bankunan ƙasar izini, kowane banki kuma yana buga takardun kuɗinsa. A tsakiyar yaƙin basasa gwamnatin Abraham Lincoln ta kafa tsarin bankunan tarayya, sa'annan a 1865 majalisa ta ɗora harajin kashi 10 cikin 100 a kan takardun kuɗin bankunan jihohi, da nufin ta tilasta musu komawa ƙarƙashin tarayya. Da yawa sun koma, amma sauran suka daina buga kuɗi, suka rungumi asusun da ake cira da cak, suka rayu. Yau kusan banki huɗu cikin kowane biyar a Amurka lasisin jiha ke gare su, ko da yake manyan da kowa ya sani, irin su JPMorgan Chase da Wells Fargo, na tarayya ne. Bankin jiha kuma ba ya kuɓuta daga idon tarayya, domin ko dai Babban Bankin Amurka ya riƙa duba shi tare da jihar, ko kuma hukumar FDIC, wadda aka kafa a 1933 don inshorar ajiya.

Rushewar banki iri biyu ce, kuma dokar jiha tana da hannu a kowacce. Ta farko ita ce ta dole. Banki a Amurka ba ya zuwa kotun masu karayar arziki kamar sauran kamfanoni, domin dokar karayar arziki ta tarayya ta cire bankuna daga cikinta. Dokar jiha ce ke lissafa dalilan da kwamishina zai dogara da su ya ƙwace bankin da ya ba lasisi, kamar ƙarewar jari, ko kasa biyan masu ajiya, ko gudanar da harka ta hanyar da ke jefa kuɗin jama'a cikin haɗari. Idan ya ƙwace, sai ya naɗa FDIC ta karɓi ragamar kadarorin. Tun daga wata dokar tarayya ta 1991 FDIC na da ikon naɗa kanta a wasu halaye, amma ba kasafai take yin hakan ba.

Abin da ya faru a Elkhart, wani ɗan ƙaramin garin manoma a jihar Kansas, ya nuna yadda aikin ke tafiya. Shugaban bankin Heartland Tri-State ya faɗa hannun 'yan damfarar kuɗin intanet, ya riƙa tura musu kuɗin bankin tsakanin Mayu da Yulin 2023 har suka kai dala miliyan 47.1, alhali duka kadarorin bankin ba su wuce kimanin dala miliyan 139 ba. A ranar Juma'a 28 ga Yuli ofishin kwamishinan bankunan Kansas ya rufe bankin ya miƙa wa FDIC, wadda ta riga ta samo mai saye. Ma'aikata suka kwashe Asabar da Lahadi suna daidaita asusu, ranar Litinin kuma rassan bankin huɗu suka buɗe da sunan Dream First Bank. Mai ajiya ya shiga ya tarar da kuɗinsa yadda ya bar su, katinsa yana aiki. Daga cikin waɗanda suka yi asara a lokacin akwai masu hannun jari, yawancinsu mutanen yankin ne, shi kuma shugaban aka yanke masa ɗaurin sama da shekara 24. Ana zaɓar yammacin Juma'a ne da gangan, don a sami kwana biyu na aiki kafin jama'a su yi cincirindo a bakin ƙofa.

Manyan bankunan da suka faɗi a 2023 ma jihohi ne suka rufe su. Hukumar kula da harkokin kuɗi ta Kalifoniya ce ta rufe Silicon Valley Bank a ranar 10 ga Maris, bayan masu ajiya sun nemi cire dala biliyan 42 a yini ɗaya, kuma saboda tsananin gudun kuɗin ba a ma jira yamma ba. Kwana biyu bayan haka hukumar jihar Niyok ta rufe Signature Bank, sai kuma Kalifoniya ta rufe bankin First Republic a ranar 1 ga Mayu. Da zarar FDIC ta karɓa, dokar tarayya ce ke tsara rabon abin da ya rage. Ana fara cire kuɗin gudanar da aikin, sai masu ajiya, sai sauran masu bin bashi, masu hannun jari kuma su zo a ƙarshe, inda galibi ba sa tarar da komai. Inshorar tana tsayawa a dala 250,000 ga kowane mai ajiya a kowane banki a kowane rukunin mallaka. An biya masu ajiyar Silicon Valley da Signature gaba ɗaya ne saboda gwamnati ta yi amfani da wata togaciya ta musamman da aka tanada don gudun rugujewar tsarin kuɗi baki ɗaya, don haka kada mai ajiya a ƙaramin banki ya ɗauka cewa shi ma dole a yi masa haka.

Ta biyu ita ce rushewar ganin dama, kuma a nan ne dokar jiha ke da faɗin iko. Masu banki sukan yanke shawarar naɗe tabarmarsu alhali suna da abin biyan kowa, kamar yadda bankin Silvergate na Kalifoniya ya sanar a ranar 8 ga Maris 2023. Dokar jiha ce ke faɗin yawan ƙuri'ar masu hannun jari da ake buƙata, da irin shirin da za a gabatar wa kwamishina, da yadda za a yi shela ga masu ajiya da masu bin bashi, da wa'adin da za a ba su su zo da da'awarsu. Ita ce kuma ke faɗin inda kuɗin da ba a zo an karɓa ba za su tafi, wato asusun jiha na dukiyar da ba a san inda mai ita yake ba, inda magada za su iya nema ko bayan shekaru. Sai an gama duk wannan ake mayar da lasisi. Ka riƙe wannan hanya a ranka, domin ita ce bankinka zai bi.

Batun haɗewa ba ya buƙatar dogon bayani. Shekaru da yawa jihohi sun hana bankin wata jiha shigowa cikinsu, wasu ma sun hana banki buɗe reshe ko ɗaya, abin da ya sa Amurka ta kai bankunan kasuwanci sama da 14,000 a tsakiyar shekarun 1980. Dokar Riegle-Neal ta 1994 ta rushe wannan shinge, ko da yake Teksas da Montana sun fara ƙin shiga. Dokar ta hana banki ya haɗiye wani idan hakan zai sa ya riƙe fiye da kashi 10 cikin 100 na ajiyar ƙasa, ko kashi 30 na ajiyar jiha guda, ta kuma bar wa jihohi damar sauya wannan adadi na biyu. Akwai togaciya idan bankin da za a saya yana gab da faɗuwa, kuma ta wannan kafa ce JPMorgan Chase ya karɓi First Republic. Duk haɗewar da bankin jiha ke ciki tana buƙatar amincewar hukumar tarayya a ƙarƙashin dokar haɗewar bankuna ta 1960, da duban Ma'aikatar Shari'a a kan gasa, da kuma sa hannun kwamishinan jiha. Dokar jiha kuma ita ke kare mai hannun jarin da bai yarda ba, ta ba shi damar neman a ƙiyasta darajar hannun jarinsa a biya shi.

Ƙungiyoyin ajiya da rance su ma jiha ce ta fara ba su doka. An kafa ta farko a 1908 a Manchester ta jihar New Hampshire, a tsakanin ma'aikatan masaƙu masu jin Faransanci, da taimakon Alphonse Desjardins na Kanada. A 1909 Massachusetts ta yi cikakkiyar dokar farko a kansu, ta tarayya kuma ba ta zo ba sai 1934. Hukumar NCUA, ta tarayya mai sa ido a kan waɗannan ƙungiyoyi, da asusun inshorarta sun samu a 1970. Don haka su ma ƙofa biyu gare su, sai dai a jihohi irin su Delaware da Dakota ta Kudu da Wyoming, waɗanda ba su da dokar ba da irin wannan lasisi. Masu ajiya a ƙungiyar su ne masu ita, kowa da ƙuri'a ɗaya komai yawan kuɗinsa, ba ta da masu hannun jari daga waje, kuma ba ta biyan harajin riba na tarayya. A madadin haka an taƙaita mata waɗanda za ta ɗauka, sai waɗanda wani abu ya haɗa, kamar wurin aiki ko yanki ɗaya, an kuma ƙayyade mata yawan rancen kasuwanci da kashi 12.25 cikin 100 na kadarorinta tun wata dokar tarayya ta 1998. Kada kasancewarta ta gama kai ya sa ka zaci babu kuɗin ruwa a cikinta. Tana karɓa tana kuma biya, illa dai ta tarayya ba ta wuce kashi 18 a yawancin rancenta.

Inshora ce wurin da ya fi cancantar a tsaya a duba da kyau. Kusan duk ƙungiyoyin suna ƙarƙashin asusun NCUA, mai iyakar dala 250,000 daidai da na FDIC, kuma gwamnatin tarayya ce ke tsaye a bayansa. Amma wasu jihohi sun yarda ƙungiyar da suka ba lasisi ta sayi inshora daga kamfani mai zaman kansa, wanda aka fi sani shi ne American Share Insurance na jihar Ohayo. Dalilin da ya sa masana ke ɗari-ɗari da wannan shi ne abin da ya faru a Rhode Island. A can wata hukuma mai suna RISDIC, wadda cibiyoyin da take yi wa inshora su ne suka kafa ta, ta ƙare ƙarƙaf bayan an wawure ɗaya daga cikin bankunan da ke ƙarƙashinta. A ranar 1 ga Janairun 1991, sa'o'i kaɗan bayan an rantsar da shi, Gwamna Bruce Sundlun ya ba da umarnin rufe bankuna da ƙungiyoyi 45. Mutane suka wayi gari bayan hutun sabuwar shekara suka tarar da ƙofofi a garƙame, albashi da kuɗin haya da na tsufa duk suna ciki, kuma abin ya shafi kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen jihar. Cibiyoyin da suka cika sharuɗɗan inshorar tarayya sun sake buɗewa ba da jimawa ba, masu ajiya a sauran kuwa wasunsu sun fi shekara suna jira, sai da jihar ta kafa wata hukuma, ta ci bashi, ta ware wani kaso na harajin saye da sayarwa don ta biya su. Ohayo da Maryland sun ga irin wannan a 1985 da cibiyoyin ajiya da rancen gidaje. Asusun da ya dogara da jiha ɗaya ba shi da faɗin da zai ɗauki faɗuwar babbar cibiya guda, shi ya sa dokar tarayya ta wajabta wa duk mai inshora irin wannan ya sanar da masu ajiya a rubuce cewa gwamnatin tarayya ba ta lamunce musu ba.

Yanzu ga inda batutuwan uku suka haɗu, wato dalilin da ya sa ka gan su a ƙuduri ɗaya. Ƙungiyar ajiya da rance ba ta da hannun jarin da za ta musanya da na banki, don haka ba ta iya haɗewa da shi yadda bankuna biyu ke yi. Abin da take yi shi ne ta biya kuɗi hannu, ta sayi basussukan da bankin ke bi da gine-ginensa, ta ɗauki nauyin ajiyar da ke cikinsa. Sai a bar bankin fanko, ya bi hanyar rushewar ganin dama, ya raba kuɗin cinikin ga masu hannun jari, ya mayar da lasisi. Ciniki ɗaya ke nan, amma ya ratsa dokar sayar da kadarorin banki, da dokar rushewa, da dokar da ke faɗin abin da ƙungiya ke da ikon saye da waɗanda za ta iya ɗauka. An fara irin wannan ciniki a 2011, lokacin da United Federal Credit Union ta Michigan ta sanar da sayen Griffith Savings Bank na Indiyana, kuma a 2024 an sanar da guda 22, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin nan.

Yawancin dokokin jihohi an rubuta su ne tun ba a yi tunanin wannan ba, sai aka shiga jayayya a kan fassara. A Janairun 2020 hukumar bankunan Kolorado ta hana Elevations Credit Union sayen Cache Bank & Trust, bisa hujjar cewa dokar jihar ba ta lissafa ƙungiya cikin waɗanda za a iya sayar wa banki ba. Misisifi ta tafi kai tsaye a 2022, ta yi doka cewa ba za a sayar da bankin jihar ba sai ga cibiyar da ke ƙarƙashin inshorar FDIC, wanda hakan ya rufe wa ƙungiyoyin ƙofa ba tare da an ambaci sunansu ba. Ƙungiyoyin masu bankuna suna cewa duk bankin da aka saye ta wannan hanya ya fita daga sahun masu biyan harajin riba, cewa rangwamen harajin ne ke ba ƙungiyoyin ƙarfin taya farashin da banki ba zai iya ba, kuma dokar tarayya ta 1977 da ke tilasta wa bankuna yi wa unguwannin talakawa hidima ba ta hau kansu ba. Su kuma ƙungiyoyin ajiya da rance suna amsawa da cewa sau da yawa su ne ke barin reshe a buɗe a garin da babban banki zai saya ya rufe.

A ganina kowane ɓangare yana da gaskiya a wani wuri, amma haramcin baki ɗaya ba shi ne magani ba. Maganar haraji gaskiya ce, kuma ƙungiyar da ta kai girman sayen bankuna ta yi nisa da ma'aikatan masaƙar da aka yi rangwamen dominsu. Sai dai haramcin yana rage wa iyalin da suka mallaki ƙaramin banki masu taya, kuma ikon jiha bai wuce bankin da ta ba lasisi ba, ta yadda wanda ya dage zai iya neman komawa lasisin tarayya kafin ya sayar. Hanyar Illinois ta fi burge ni. A 2021 ta yi tata dokar hidimar unguwanni, ta ɗora ta a kan bankuna da ƙungiyoyin da ke da lasisinta daidai wa daida, kamar yadda Massachusetts ta daɗe tana yi. Wani wurin da ya cancanci kulawar majalisa shi ne haɗewar ƙungiya da ƙungiya, domin a nan babu farashin da ake biyan membobi, rarar da suka tara shekara da shekaru tana komawa ga wadda ta haɗiye su, shugabanni kuma sukan sami ƙarin albashi ko sallama mai tsoka. Tun 2018 NCUA ta wajabta bayyana irin wannan amfani ga membobi, da aika musu sanarwa aƙalla kwana 45 kafin ƙuri'a, amma yawan ƙuri'ar da ake buƙata a ƙungiyar jiha dokar jihar ce ke faɗa.

Game da kuɗinka, Malam, wasiƙar da ka samu ba alamar durƙushewa ba ce, domin bankin da ya durƙushe ba a aika wa masu ajiyarsa sanarwa kafin a rufe shi. Abin da za ka fara dubawa shi ne ko ƙungiyar tana ƙarƙashin inshorar NCUA, kuma za ka iya tabbatarwa da kanka ta hanyar neman sunanta a shafin hukumar na intanet. Idan haka ne, kariyarka ta dala 250,000 tana nan, hukumar da ke riƙe da ita ce kawai ta sauya. Idan kana da asusu a ƙungiyar tun da farko, ka haɗa jimillar biyun ka ga ko ta haura iyaka, ka kuma nemi su rubuta maka yadda za a lissafa inshorar a lokacin sauyin. Za a nemi ka zama memba, wanda galibi ajiyar 'yan daloli ce, sau da yawa dala 5. Rancen da bankin ke binka zai koma hannun ƙungiyar da sharuɗɗan da ka sa wa hannu, amma kuɗin hidima da lambobin asusu da kati na iya sauyawa, don haka ka lura da ranar sauyin idan albashinka ta nan yake shiga ko kana tura kuɗi gida a kai a kai. Cinikin ba zai tabbata ba sai kwamishinan jiharku, in lasisin bankin na jiha ne, da FDIC da NCUA duk sun amince, kuma idan ƙudurin da ake muhawara a kai ya zama doka irin ta Misisifi kafin a kammala, bankin zai ci gaba da aiki yadda ka san shi har ya sami wani mai saye.